Sabo Turken Wawa: Yadda Shaye-Shaye Ke Sauya Aikin Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Bahaushe kan ce "sabo turken wawa." Duk wanda ya dubi matasan da shaye-shaye ya kama, a Kano ne ko a Lafiya da ƙauyukanta irin su Adogi, zai ga lallai akwai turke. Wannan maƙala za ta nuna cewa a cikin ƙwaƙwalwa ake kafa shi.

Hanyar Jin Daɗi

A 1954, James Olds da Peter Milner na Jami'ar McGill da ke Kanada suka sanya 'yar waya a ƙwaƙwalwar ɓera. Da zarar ɓeran ya danna maɓalli, sai ɗan lantarki ya motsa wani sashe nata, shi kuwa ya yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa. Daga baya aka gano cewa sinadarin dofamin ne ke aiki a wannan sashe. Yakan fito idan mutum ya ci abinci ko ya sha ruwa bayan ƙishi, ya koya wa ƙwaƙwalwa ta sake neman abin.

Yadda Ƙwaya Ke Kamawa

Idan aka sha kodin, hanta kan mayar da wani ɓangarensa mofin, wanda ke sa dofamin ya kwararo fiye da kima. Da tafiya ta yi nisa, sai ƙwaƙwalwa ta rage mashigan karɓar sinadarin domin kare kanta. Nan ne kwalba ɗaya kan daina isa, tuwo da hira da karatu su rasa armashi. In aka bari, sai ciwon jiki da gumi da rashin barci su biyo baya. Bugu da ƙari, sashen goshi mai tsawatar wa zuciya yakan raunana, alhali ba ya gama girma sai wajen shekara 25. Shi ya sa matasa suka fi shiga haɗari.

Kammalawa

Binciken da hukumar UNODC ta fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma doka kaɗai ba ta cire turke. Ƙwaƙwalwa na iya farfaɗowa sannu a hankali idan aka daina. Saboda haka wanda ya kamu, likita da haƙurin dangi yake bukata, domin ɗaure shi da mari ba ya gyara sinadari.