DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: YADDA WANI MASOYI YA TAYA DATTAWAN ROLLING STONES YIN SABON FAIFAI

A cikin watan Agusta na shekarar 2023 wata 'yar talla ta fito a jaridar Hackney Gazette, watau wata ƙaramar jarida ta unguwar Hackney da ke gabashin birnin London. Tallar ta ce wai wani kamfanin gyaran gilashi ne mai suna Hackney Diamonds, wanda aka kafa tun 1962, zai buɗe a watan Satumba. Galibin masu karatu ba su ko kula ba. Amma waɗanda suka daɗe suna bin makaɗan nan na Ingila da ake kira Rolling Stones, suna gani suka gane. An cusa sunayen tsofaffin waƙoƙin ƙungiyar a cikin maganar tallar, ga kuma alamarsu ta leɓe da harshe. Shekarar 1962 kuwa ita ce shekarar da suka fara kiɗa a bainar jama'a. Kafin a jima labari ya game duniya cewa dattawan za su fitar da sabon faifai.

Dalilin wannan murna shi ne, rabon ƙungiyar da ta fitar da faifan sababbin waƙoƙi na ƙashin kanta tun 2005, watau shekara 18 ke nan. Wanda suka yi a 2016 tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen Amurka ne suka maimaita. A 2019 aka yi wa zabiyinsu, Mick Jagger, aiki a zuciya. Bayan haka, ran 24 ga Agusta 2021, makaɗin gangarsu, Charlie Watts, ya rasu yana da shekara 80, bayan ya yi shekara 58 tare da su. Masoya da yawa suka ɗauka cewa an zo ƙarshe, abin da ya rage kawai shi ne a riƙa juya tsofaffin fayafayai ana tuna baya.

Wanda ya taimaka aka kawar da wannan zato shi ma masoyi ne, wani Ba'amurke mai suna Andrew Watt. An haife shi a jihar New York a 1990, lokacin da ƙungiyar ta riga ta shekara 28 tana kiɗa. Ya tashi yana sauraron waƙoƙinsu, ya koyi kaɗa jita, har ya zama gwanin shirya faifai, aka ba shi lambar girma ta Grammy saboda wannan sana'a a 2021. Paul McCartney na tsohuwar ƙungiyar Beatles, wanda ya taɓa zuwa Legas a 1973 ya ɗauki faifansa Band on the Run, yana cikin waɗanda suka ba da shawarar a nemi wannan saurayi.

Watt bai ɓoye ƙaunarsa ba ko kaɗan. Kowace rana idan zai shiga ɗakin ɗaukar faifai sai ya sanya wata riga dabam mai ɗauke da hoto ko alamar Rolling Stones, irin waɗanda ake sayarwa a wuraren wasa. Ga al'ada, wanda ya girmama mutum haka ba ya iya ce masa ya sake. Amma aikin mai shirya faifai ya ƙunshi ya faɗa wa makaɗi gaskiya, ya zaɓi abin da za a ajiye da wanda za a zubar. Shekara da shekaru dattawan suna tara waƙoƙi ba su gama ba. Wannan karo Jagger ya yanka wa'adi, ya ce lalle a gama kafin 14 ga Fabrairu 2023, aka kuwa ɗauki yawancin waƙoƙin cikin 'yan makonni, kowa yana kiɗa a gaban ɗan'uwansa kamar yadda suka saba tun suna samari.

Faifan ya fito ran 20 ga Oktoba 2023, yana ɗauke da waƙa 12. A lokacin Jagger yana da shekara 80, abokinsa Keith Richards yana da 79, Ronnie Wood kuwa 76. Sunan Hackney Diamonds salon magana ne na mutanen London, ana nufin ɓaraguzan gilashin da ke warwatse a ƙasa bayan ɓarayi sun fasa tagar mota. Steve Jordan ne ya kaɗa ganga a yawancin waƙoƙin, amma akwai guda biyu da marigayi Watts ya kaɗa tun 2019. A ɗaya daga cikinsu aka gayyato Bill Wyman, wanda ya bar ƙungiyar tun 1993, ya ɗora nasa kiɗan a kan na marigayin. Ga tsohon masoyi, wannan tamkar a sake tara 'yan gida ɗaya ne bayan doguwar rabuwa. McCartney da Elton John da Stevie Wonder da Lady Gaga duk sun sa hannu.

Amma inda ƙaunar Watt ta fi bayyana shi ne a waƙar ƙarshe. A cikin Oktoba 1961 Richards ya gamu da Jagger a tashar jirgin ƙasa ta Dartford, ya gan shi riƙe da fayafayan Chuck Berry da na Muddy Waters, baƙaƙen mawaƙan Amurka. Daga nan tsohuwar abotarsu ta ƙuruciya ta sake ƙulluwa. Sunan ƙungiyar ma daga wata waƙar Muddy Waters ta 1950 marigayi Brian Jones ya ɗauko shi. Duk da haka, cikin shekara sittin ba su taɓa sa wannan waƙa a faifansu ba. Watt, da yake ya san tarihin sarai, shi ya roƙe su su yi ta. Dattawan biyu kaɗai suka zauna, Richards da jita, Jagger da murya da ɗan abin busa, suka biya bashin da ke kansu.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Waɗansu masoyan sun ce an goge sautin ya yi santsi ƙwarai, ba shi da ƙurar nan ta fayafayan da. Amma faifan ya hau matsayi na ɗaya a Ingila, karo na 14 ke nan ga ƙungiyar, ya kuma zo na uku a Amurka. A 2024 suka zaga Amurka da Kanada suna wasa, abin dariya kuwa, ƙungiyar tsofaffi da masu ritaya ta Amurka ce ta ɗauki nauyin zagayen. A cikin Fabrairu 2025 aka ba faifan lambar Grammy.

Masoyi iri biyu ne. Akwai wanda ke son makaɗi ya tsaya cik a inda ya fara jin sa, domin abin da yake nema shi ne ƙuruciyarsa da ta wuce. Akwai kuma wanda ya yarda gwaninsa yana da sauran magana, ya matsa masa ya faɗe ta tun da sauran rai. Watt na biyun ne. Ranar da faifan ya fito kuwa, ran nan ya cika shekara 33 da haihuwa.