Tasirin Tsaunuka a kan Daidaiton Manyan Iskokin Duniya

A tsakanin yankin zafi da yankunan ƙanƙara, iska tana kewaya duniya ne daga yamma zuwa gabas, kuma a wajen kilomita 10 sama da ƙasa takan matse ta zama siririn ziri mai tsananin gudu, wanda ake iya kira kogin iska. Da a ce doron ƙasa shimfiɗe yake sumul, da matsakaiciyar hanyar wannan kogi ta zama da'ira miƙaƙƙiya, amma taswirorin hunturu na rabin duniya na arewa suna nuna shi yana lanƙwasa zuwa kudu a wurare biyu kusan kowace shekara, wato gabashin Asiya da gabashin Amurka ta Arewa. Wuraren nan biyu suna bayan manyan katangu ne: tudun Tibet, wanda matsakaicin tsayinsa ya haura mita 4,000, da jerin tsaunukan Rocky. A shekarar 1949 Jule Charney da Arnt Eliassen suka nuna ta hanyar lissafi cewa tsaunuka kaɗai sun isa su bayyana kaso mai yawa na wannan lanƙwasa, ko da yake bambancin ɗumi tsakanin teku da tudu shi ma yana da nasa rabo.

Dalilin yana cikin juyawar duniya. Kowane ginshiƙin iska, wato iskar da ke tsaye daga ƙasa har zuwa sama, yana ɗauke da wani rabo na juyi, kuma idan aka danne shi ya gajarce ya baje sai juyinsa ya ragu, idan kuwa aka miƙe shi ya tsawaita ya tsuke sai juyin ya ƙaru. Iskar yamma da ta hau tsauni tana dannuwa, saboda haka ta karkata zuwa kudu, sa'annan da ta gangara ɗaya gefen ta miƙe, juyinta ya ƙaru, matsinta ya faɗi. Da yake tasirin juyawar duniya yana ƙaruwa ne daga tsakiyarta zuwa ƙuryar arewa, iskar da aka ture kudu takan komo arewa har ta zarce, ta sake komowa, ta bar jerin lanƙwasa masu tsawon dubban kilomita. Waɗannan su ne igiyoyin Rossby, da aka sa wa sunan Carl-Gustaf Rossby wanda ya yi bayaninsu a 1939. A ɗabi'arsu suna tafiya yamma ne, kishiyar iskar da ke ɗauke da su, don haka idan gudun biyun ya yi daidai sai igiyar ta tsaya cik a wuri ɗaya, kamar tozon ruwa a bayan dutsen da ke tsakiyar kogi.

A nan ne batun daidaito ya shigo, kuma shi ne ɓangaren da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Matsin iska a gefen tsaunin da take bugawa yakan fi na bayansa, kuma wannan bambanci yana rage wa iskar yamma gudu. Idan raguwar ta kusantar da ita ga gudun da igiya ke tsayawa, igiyar za ta ƙara girma, bambancin matsin ya ƙaru, iskar ta ƙara lafawa, ta haka ƙaramin sauyi ke ciyar da kansa. A 1979 Charney da John DeVore suka gina sauƙaƙan tsarin lissafi da ya nuna cewa ƙarƙashin ɗumamar rana iri ɗaya iska na iya zama a ɗaya daga hali biyu masu dorewa: ko dai ta yi gudu sosai da ƙaramar lanƙwasa, ko ta lafa da babbar lanƙwasa, alhali halin da ke tsakaninsu ba ya zaunuwa. Hali na biyu ya yi kama da abin da masana ke kira toshewa, inda babban matsi ke kafewa wuri guda na mako ɗaya ko fiye, ya tare hanyar hadari, kamar yadda aka gani a 2010 lokacin da zafi ya addabi yammacin Rasha ambaliya kuma ta mamaye Pakistan. Har yau ana muhawara kan iyakar dacewar wannan tsari da sararin samaniya na zahiri, kuma ba daidai ba ne a jingina kowace toshewa ga tsauni, amma tunanin ya sauya yadda ake kallon lamarin, domin ya nuna cewa abin da ke kafe iska a wuri shi ne kuma ke iya rushe tafiyarta.

Rabin duniya na kudu ya zama ma'aunin kwatanci, tun da teku ya fi yawa a can: iskar yamma ta fi miƙewa, kuma ɗumamar ba-zata ta saman sararin samaniya, wadda manyan igiyoyin nan ke haddasawa a kai a kai a arewa, sau ɗaya tak aka ga babbarta a kudu, a 2002. A Turai kuwa, iskar arewa da ta ci karo da tsaunukan Alps takan haifi hadari a mashigin tekun Genoa.

A Afirka ta Yamma aikin tsaunuka ya ɗauki wata siffa, domin iskar damina ta sama daga gabas take zuwa, a tsayin kilomita 3 zuwa 4. Wannan ziri yana da saurin lanƙwasa da kansa, amma sau da yawa abin da ke tsokano shi shi ne manyan gizagizan da ke tasowa a tuddan Habasha da Darfur, daga nan igiyoyin su ratso Sahel kowane kwana 3 zuwa 5, yayin da tudun Jos da duwatsun Azbin ke zama mahaifar jerin hadarin da ke gangarowa yamma. Da hunturu kuma, iskar arewa maso gabas tana matsewa a tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi na ƙasar Chadi, ta ƙara gudu, ta faɗa kwarin Bodele, wanda ke cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya, kuma daga can ne wani kaso na hazon da ke lulluɓe Kano da Damagaram yake tasowa.