Bashin asibiti a Amurka: yadda ake goge shi daga takardar tarihin bashi

A Amurka mutum na iya warkewa daga ciwo cikin mako guda, amma kuɗin maganin ya bi shi har shekara 7. Idan takardar asibiti ta daɗe ba a biya ba, sai a miƙa ta ga kamfanonin karɓar bashi, su kuma su kai sunan mai shi cikin takardar tarihin bashinsa. Daga nan samun gidan haya ko rancen mota ya zama aiki. Batun ya shafi ƴan Nijar mazauna can kai tsaye, tun daga direbobin tasi na New York har zuwa ma'aikatan masana'antu na Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan ƙasarmu suka daɗe da kafa zango.

Mece ce wannan takarda?

Kamfanoni uku ne ke riƙe da tarihin bashin jama'a a Amurka: Equifax, Experian da TransUnion. Suna tattara bayanin kowane rance da mutum ya ci da yadda ya biya, daga nan a fitar masa da maki. Ma'aunin da aka fi sani, FICO, yana tashi daga 300 zuwa 850. Banki na duba shi kafin ya ba da rance, mai gida kuma na duba takardar kafin ya ba da makulli. Mai ƙaramin maki ko dai a hana shi, ko a ɗora masa kuɗin ruwa mai nauyi.

Tsarin ba baƙo ba ne gaba ɗaya a nan gida. Ƙasashen UEMOA ma suna da ofishin tattara bayanan bashi da ke aiki da izinin BCEAO, wanda bankuna da asusun bada ƙananan rance ke tuntuɓa. Sai dai a Amurka takardar ta shiga kusan kowane lungu na rayuwa.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma bashin asibiti yana da nasa hali: ba wanda ke zaɓen ranar da zai kwanta ciwo, kuma sau da yawa marar lafiya ba ya sanin farashi sai bayan an sallame shi. Dokar 1986 ta tilasta wa sashen gaggawa na asibitoci duba duk wanda aka kawo ko da ba shi da ko sisi, amma ba ta yafe kuɗin ba. A rahotonta na watan Maris 2022, hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, CFPB, ta ce akwai bashin asibiti na dalar Amurka biliyan 88 a takardun jama'a, kuma shi ne kashi 58 cikin 100 na basussukan da ke hannun masu karɓa.

Sassaucin da aka samu, da wanda ya kuɓuce

A wancan watan ne kamfanonin uku suka sanar da sauye-sauye. Daga 1 ga Yuli 2022, duk bashin asibitin da aka biya ana goge shi nan take, ba sai an jira shekara 7 ba. Wa'adin jira kafin a rubuta sabon bashi ya tashi daga wata 6 zuwa shekara guda, domin a bai wa mutum da kamfanin inshorarsa lokacin daidaitawa. Daga Afrilu 2023 kuma, bashin da asalinsa bai kai dala 500 ba, wato kusan jaka 300 na sefa, ba ya fitowa kwata-kwata.

A ranar 7 ga Janairu 2025, dab da saukar gwamnatin Joe Biden, CFPB ta fitar da ƙa'idar da za ta share sauran baki ɗaya. A lissafin hukumar, dala biliyan 49 ne za su fita daga takardun mutum miliyan 15, makinsu ya ƙaru da kimanin 20. Ƙungiyoyin kamfanonin tarihin bashi da na masu bada rance suka garzaya kotu. A watan Yuli 2025 alƙalin kotun tarayya a jihar Texas, Sean Jordan, ya soke ƙa'idar, bisa hujjar cewa hukumar ta wuce hurumin da doka ta ba ta. Ita kanta CFPB, ƙarƙashin sabon shugabanci na zamanin Donald Trump, ta goyi bayan sokewar.

Saboda haka abin da ya rage shi ne alkawarin kamfanonin uku, da dokokin wasu jihohi. Kolorado da New York sun haramta saka bashin asibiti a takardar tun 2023, Kaliforniya ta bi sahu. A Karolina ta Arewa, gwamna Roy Cooper ya ƙaddamar da shiri a 2024 wanda ya ƙara wa asibitoci kuɗin tallafi bisa sharaɗin su yafe tsoffin basussukan masu ƙaramin ƙarfi.

Matakan da mai bashi zai bi

Na farko, ya ga takardar da idonsa. Shafin AnnualCreditReport.com yana ba da ita kyauta daga kamfanonin uku, kowane mako. A duba duka ukun, domin abin da ke wajen ɗaya ba lalle ya kasance wajen ɗayan ba. A lura da suna da adireshi sosai: sunaye irin namu da ke yawan kama da juna na iya sa a jingina wa mutum bashin wani.

Idan bashin an riga an biya shi, ko bai kai dala 500 ba, ko bai cika shekara ba, ko ya haura shekara 7, to bai kamata ya kasance a wurin ba. Dokar 1970 kan sahihancin rahoton bashi ta ba kowa damar ƙalubalantar abin da aka rubuta a kansa. Ana rubuta wa kamfanin da ya ɗauki bayanin, a haɗa da kwafin rasit ko takardar inshora, a riƙe na asali. Kamfanin na da kwana 30, wani lokaci 45, ya bincika. Abin da ya kasa tabbatarwa dole ya goge.

Akwai wata doka ta 1977 da ta shafi masu karɓar bashi. Da zarar sun tuntuɓi mutum, wajibi ne su aiko masa da bayanin bashin, shi kuma yana da kwana 30 ya nemi hujja a rubuce. Har sai sun kawo ta, ba su da ikon ci gaba da neman kuɗin. Nan ne ake yawan gano cewa inshora ce ya kamata ta biya, ko an lissafa gwaji guda sau biyu. Shi ya sa yake da kyau a nemi asibitin ya kawo takardar kuɗi dalla-dalla, kowace allura da kowane gwaji da farashinsa.

Idan bashin gaskiya ne kuma ya haura dala 500, ƙofar ba ta rufe ba. Asibitocin da ba na neman riba ba, doka ta wajabta musu samun tsarin rangwame ga marasa hali, kuma ana iya neman sa har kwana 240 bayan takardar farko. Ana kuma iya sasantawa da mai karɓar bashin a biya wani kaso a matsayin an gama. Amma kafin a ba da ko dala ɗaya, a karɓi yarjejeniyar a rubuce, a tabbatar ta ce an biya, tunda wannan kalmar ce ke sa a goge shi.

Tarko biyu

Da yawa na biyan asibiti da katin bashi don su huta da kiran waya. Da an yi haka, bashin ya tashi daga na asibiti ya koma na banki, ya rasa duk sassaucin da aka ambata, ga kuɗin ruwa a kai. Tarko na biyu shi ne kamfanonin da ke tallan gyara maki. Dokar 1996 ta hana su karɓar kuɗi kafin su yi aikin, kuma duk abin da suke yi mutum zai iya yi da kansa da wasiƙa guda.

A kuma sani cewa goge bashi daga takarda bai sauke shi daga wuyan mai shi ba. Asibiti ko mai karɓa na iya kai ƙara kotu, kuma wanda ya ƙi amsa sammaci ana iya yanke hukunci a bayan idonsa, har a riƙa cire kuɗin daga albashinsa a jihohin da doka ta yarda. Ga wanda iyalinsa a Maraɗi ko Damagaram ke jiran aike duk ƙarshen wata, wasiƙar asibiti ba abar jefawa cikin kwando ba ce. A buɗe ta ranar da ta zo, idan Ingilishin ya yi nauyi a nemi ɗan uwa ya karanta, domin wa'adin kwana 30 ɗin ba ya jiran kowa.