Abin da Ke Ɓoye a Saiwar Wake

Manomin citta a Kachia ko Kwoi ya san buhun yuriya ne ke cinye masa riba. Amma in ya tumɓuke gindin waken soya, zai ga 'yan ƙulle-ƙulle manne da saiwa. Ya fasa ɗaya da farce, cikinsa jaja-jaja. A nan wasu ƙwayoyin bakteriya ke kamo naitirojin daga iska su mayar da shi taki, ba wuta ba inji. Masana'anta kuwa, tun da aka fara aiki da hanyar Haber da Bosch a Jamus a 1913, sai ta gasa iskar da zafin da ya haura digiri 400, aikin da ke lashe kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na makamashin duniya.

Makamin bakteriyar wani ɗan curi ne mai ƙwayoyin zarra 7 na ƙarfe, 9 na farar wuta, 1 na molibdinam da 1 na kabon. An san siffarsa, amma yadda yake aikin ya gagari kwamfuta, domin elektiron ɗinsa a sarƙe suke da juna bisa dokar kwantum. Duk elektiron ɗin da aka ƙara, lissafi ya ninka biyu. Da an kai 50, lambobin sun zarce tiriliyan 1,000.

A 1981 masanin kimiyya Richard Feynman ya kawo shawara: da ɗan gari akan ci gari. A tara wasu ƙwayoyin kwantum da mutum zai iya juyawa, a jera su su kwaikwayi waɗanda suka gagara, sannan a auna abin da suka yi. A 2017 masana a Jami'ar Harvard suka riƙe ƙwayoyin zarra 51 da hasken leza, suka jera su a layi suna sarrafa su. A shekarar ce masana na jami'ar ETH Zurich da kamfanin Microsoft suka ƙiyasta irin na'urar kwantum da za ta iya warware curin nan na saiwa.

Har yau ba a ƙera ta ba. Na yanzu kuskure ya yi musu yawa, don haka duk mai cewa taki zai yi araha baɗi saboda kwantum, tatsuniya yake yi. Ɗaliban aikin gona a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan dai suna iya fara nazarin daga gonar da aka yi wake bara aka sa masara bana.