Ziyara Zuwa Kurmin Al'ul Na Ƙasar Labanan

Duk wanda ya taɓa shiga Titin Labanan a kasuwar Dugbe ta Ibadan, ko ya yi ciniki a Kantin Kwari na Kano, ya san mutanen nan da muke ce wa Kwara. Wataƙila ma ya taɓa ganin tutar ƙasarsu a maƙale a kanti, ja sama, ja ƙasa, fari a tsakiya, da wani koren itace mai shimfiɗaɗɗun rassa. Itacen nan ba zane ba ne kurum. Larabawa suna kiransa arz, a Hausance kuwa ana ce masa al'ul, kuma tun cikin 1943 da Labanan ta sami mulkin kai yake bisa tutar.

Wurin da ya fi shahara da shi wani ɗan kurmi ne a arewacin ƙasar, kusa da garin Bisharri, wanda mutanen wurin suke kira Arz ar-Rabb, watau al'ul na Ubangiji. Daga Bairut babban birnin ƙasar tafiyar kamar mil 75 ce. Mota takan bi bakin teku ta yi arewa, kafin a kai Tarabulus sai ta karya dama ta fara hawa. Daga nan fa sai kwana-kwana, dutse a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma kwarin Kadisha mai zurfin da in mutum ya leƙa sai jiri ya ɗebe shi. A jikin duwatsun kwarin akwai koguna da tsofaffin gidajen ibada na Kiristoci 'yan ɗariƙar Maruniyya, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna fakewa a ciki. A Bisharri ne aka haifi marubucin nan Khalil Jibran cikin 1883, kuma can aka mayar da gawarsa bayan ya rasu a Amurka cikin 1931.

Kurmin yana sama da garin, a tudun da ya kai ƙafa 6,500 daga bakin teku. Don masu karatu su kwatanta, Jos da muke kuka da sanyinta ba ta wuce ƙafa 4,000 da 'yan kai ba.

Abin da ya kan fara ba baƙo mamaki shi ne ƙanƙantar wurin. Mutum ya sha jin suna, ya zo da zaton zai ga daji iyakar ganinsa, sai ya tarar da wani ɗan dunƙule kore a tsakiyar duwatsu tsirara, kamar an ajiye faifai a fili. Itatuwan da ke cikin tsohon kurmin ba su kai 400 ba. Cikin sa'a guda mai tafiya a hankali ya zagaye shi.

Amma da an shiga ciki sai magana ta canza. Waɗansu itatuwan tsawonsu ya haura ƙafa 100, kaurin gindin manyan kuwa ya kai ƙafa 40 in an zagaya da igiya, ya yi kafaɗa da tsohuwar kuka. Rassan ba sama suke miƙewa ba, gefe suke bazuwa hawa-hawa kamar rumfuna, ganyen kuma siriri ne kamar allura, ba ya kakkaɓewa rani da damina. Ga wani ƙamshi na ƙaro da ke tashi in rana ta bugi ɓawon. Masu yi wa baƙi jagora sukan ce wani itacen ya shekara 3,000. Masana dai suna ganin an ɗan ƙara gishiri, amma sun yarda akwai waɗanda suka haura shekara 1,000, wannan ma ai ba wasa ba ne.

To, ina sauran dajin ya tafi? Gatari ya cinye shi, kuma ba jiya aka fara ba. Katakon al'ul yana da ƙarko, ba ya saurin ruɓewa, ƙwari ba su cika damunsa ba, ga shi dogo miƙaƙƙe. Masar kuwa ba ta da irin wannan itace. Tun wajen shekara 4,600 da suka wuce aka rubuta cewa jiragen ruwa 40 sun kai wa Fir'auna Sinefaru katako, kuma jirgin ruwan da aka tono a gindin babbar dalar Giza cikin 1954 yawancinsa da al'ul aka yi shi. Tashar Jubail da ke bakin tekun Labanan da wannan fatauci ta yi arziki. Littattafan Yahudu da Nasara sun ce Annabi Sulaimanu ya aika wa Hiram sarkin Sur ya saro masa al'ul don ginin ɗakin ibada a Ƙudus. Sarakunan Assuriya da na Babila su ma sun ɗiba. Da ɓarnar ta yi yawa, Sarkin Rum Hadiriyan, wanda ya yi mulki daga shekara ta 117 zuwa 138, ya sa aka sassaƙa rubutu a duwatsu cewa itatuwan na sarki ne, har yau ana ganin waɗannan rubuce-rubuce. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Turkawa sun sare abin da suka samu don hura wutar jiragen ƙasa.

Sarakuna sun sare manya, amma wadda ta hana ƙanana tasowa ita ce akuya. Duk manomin da ya taɓa dasa mangwaro ya kewaye shi da ƙaya ya san halinta. Al'ul kuwa itace ne mai nawar girma, sai ya yi shekara kamar 40 kafin ya fara 'ya'ya sosai. Tsiron da ya yi shekara biyar yana fama, akuya ɗaya ta gama da shi kafin makiyayi ya waiwayo. Don haka ne cikin 1876 aka kewaye kurmin da katangar dutse. Ba don wannan katanga ba, da wuya a ce yau akwai abin da za a je gani.

Cikin 1985, ana tsakiyar yaƙin basasar Labanan, waɗansu mutanen yankin suka kafa ƙungiyar abokan kurmin, suka shiga yi wa itatuwa masu ciwo magani, suka shata hanyoyin da baƙi za su bi. Cikin 1998 hukumar UNESCO ta sa kurmin da kwarin Kadisha cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Yanzu baƙo ba ya sauka daga hanyar da aka shata, domin yawan tattaki yana danne ƙasa ya kashe tsiro. Ba a sara, ba a kunna wuta. A tsakiyar kurmin akwai wata 'yar majami'a inda ake taruwa kowace shekara a farkon watan Agusta. A bakin ƙofa kuma ga masu tebur suna sayar da 'yan sassaƙe-sassaƙe, suna rantsuwa cewa daga rassan da suka faɗi da kansu aka yi su.

Sai dai akwai abokin gaban da katanga ba ta tarewa. Irin al'ul yana bukatar ya kwana cikin sanyi da dusar ƙanƙara kafin ya tsiro da kyau, ƙanƙarar da ke narkewa a hankali kuma ita ke shayar da saiwa har cikin rani. A 'yan shekarun nan hunturu yana gajarcewa, ƙanƙarar ba ta daɗewa kamar da. A kurmin Tannurin da ke kudu kaɗan da Bisharri, wani ƙwaro mai cin ganyen al'ul ya ɓarke a ƙarshen shekarun 1990 ya yi ɓarna mai yawa, masana kuma sun danganta yaɗuwarsa da ɗumi da bushewar ƙasa. Suna cewa in zafin ya ci gaba, itacen sai ya ƙaura sama inda ya fi sanyi. A Bisharri akwai sauran wurin hawa, don dutsen da ke bayan kurmin ya haura ƙafa 10,000, shi ya sa aka dasa dubban 'yan itatuwa a gangarensa. A duwatsun Shuf na kudu, inda aka keɓe wani babban gandun al'ul cikin 1996, itatuwan sun riga sun kusa ƙololuwa.

Mai niyyar zuwa ya nufi tsakanin watan Mayu da Oktoba. Da hunturu ƙanƙara takan rufe hanyoyin cikin kurmin, sai dai a tsaya daga bakin katanga a hango. Ko da rani ne kuma a riƙe rigar sanyi, don da la'asar ta yi iskar dutsen takan sauko.