Abin da ya kamata ku sani idan bidiyo ya ƙi buɗewa

Mai tura fina-finai ya kunna maka fim a kwamfutarsa, ka gani da idonka yana tafiya lafiya lau. Ka koma gida ka soka filas a jikin talabijin, sai ta ce ba ta gane fayil ɗin ba. Wani lokacin hoto ya fito tangaram amma babu murya, wani lokacin murya na tashi allo kuwa baƙi ƙirin. Da yawa daga nan sai a ɗora wa talabijin laifi, ko a ce filas ɗin jabu ne, har a kashe kuɗi wajen mai gyara. Alhali galibi babu abin da ya lalace. Na'urar ce kawai ba ta iya karanta irin tsarin da aka haɗa fim ɗin da shi ba, kuma wannan abu ne da mutum zai iya ganowa da kansa cikin mintuna kaɗan.

Kowane fayil na bidiyo abu biyu ne a haɗe. Akwai mazubi, wanda shi ne haruffan nan da kake gani a ƙarshen sunan fayil: MP4, MKV, AVI, MOV, 3GP. Aikinsa ya tattara hoto da murya da rubutun fassarar da ke fitowa a ƙasan allo wuri guda, ya kuma daidaita lokacinsu don kada baki ya motsa kafin magana ta fito. Sannan akwai kodek, wato dabarar da aka bi aka matse hoton da muryar don su yi ƙanƙanta, wadda kuma dole na'urarka ta san ta kafin ta warware su. Kamar wasiƙa ce a cikin ambulan. Kowa zai iya yage ambulan, amma idan da ajami aka rubuta wasiƙar, wanda boko kawai ya iya sai dai ya yi ta kallonta.

Shi ya sa fayil biyu duk masu MP4 a ƙarshen sunansu, ɗaya zai buɗe, ɗaya ya ƙi. Shi ya sa kuma dabarar nan da wasu ke yi ta goge MKV su rubuta MP4 a sunan fayil ba ta cika biyan buƙata ba. Suna kawai aka canja, abin da ke ciki yana nan yadda yake.

Kodek ɗin hoto da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne H.264, wanda aka kammala tsara shi a 2003. Kusan kowace wayar Android da iPhone da talabijin mai wajen soka filas tana karanta shi. A 2013 aka fitar da magajinsa, H.265, wanda ake kira HEVC, kuma a sunayen fina-finan da ake saukewa daga intanet sau da yawa za ka ga an rubuta x265. Amfaninsa a fili yake: yana iya rage girman fim zuwa kusan rabi ba tare da hoton ya dushe sosai ba. Ga mai sayen data da tsada, ko mai ƙaramin memori, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma dalilin da ya sa masu turi ke son sa ke nan. Sai dai warware shi yana buƙatar ƙarfi, kuma kamfanonin da suka mallaki fasahar suna karɓar kuɗin lasisi, don haka tsofaffin na'urori da masu araha da yawa ba sa ɗauke da shi. Ko a Windows 10 da 11 ma, sau da yawa sai an ƙara wata 'yar manhaja daga shagon Microsoft kafin manhajar kallo ta asali ta buɗe shi. Akwai kuma AV1, wanda ƙawancen kamfanoni irin su Google da Netflix da Amazon suka fitar a 2018 ba tare da kuɗin lasisi ba. Yana da kyau ƙwarai, amma sababbin na'urori ne kawai ke tafiyar da shi cikin sauƙi.

Alamar da ka gani ita ce za ta nuna maka inda matsalar take. Idan murya na fita babu hoto, na'urar ta buɗe mazubin, ta gane muryar, kodek ɗin hoton ne ya gagare ta, kuma mafi yawan lokuta HEVC ne. Idan hoto na tafiya babu murya, to akasin haka ne. Fina-finan da aka kwafo daga faifan Blu-ray kan zo da murya irin AC3 ko E-AC3 na kamfanin Dolby, ko DTS, waɗanda su ma masu lasisi ne. Masu amfani da manhajar kallon bidiyo ta MX Player sun san saƙon nan da ke cewa ba a tallafa wa EAC3 ba. Ainihin abin da yake nufi ke nan. Murya irin AAC ko MP3 kuwa kusan babu na'urar da ke ƙin ta.

Idan hoton na tafiya yana tsayawa, ko murya ta wuce hoto, waya kuma ta yi zafi, labarin daban ne. A cikin na'ura akwai wani sashe da aka ƙera musamman don warware bidiyo. Idan wannan sashe bai san kodek ɗin ba, sai aikin ya koma kan babbar ƙwaƙwalwar na'urar, ita kuma ta yi ta fama, batir yana zuba. A MX Player, haruffan HW da SW da ke saman allo su ne ke zaɓar ɗayan hanyoyin biyu, kuma sauya su kaɗai kan warware matsalar. Amma fim mai girman 4K, ko wanda aka rubuta 10bit a sunansa, in an sa shi a ƙaramar waya, babu saitin da zai ceto shi. Sai dai a nemi wani kwafin mai 720p.

Akwai kuma lokacin da fayil ɗin ne da kansa bai cika ba. A MP4, bayanin da ke gaya wa manhaja inda kowane sashe na fim yake sau da yawa a ƙarshen fayil ake rubuta shi. Idan tura fim ta Xender ta yanke a tsakiya, ko aka zare filas kafin kwafi ya gama, ko batir ya mutu ana cikin ɗauka, wannan bayanin ba ya samuwa, fim ɗin kuma ba zai buɗe a ko'ina ba. Duba girmansa ka gwada da na asali. Haka nan filas ko memorin da aka tsara da FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4. Tsarin exFAT ko NTFS yana ɗauka, amma wasu tsofaffin talabijin FAT32 kaɗai suke gani, don haka a gwada kafin a goge komai.

Gwajin farko da nake ba kowa shawara shi ne manhajar kallon bidiyo ta VLC. Kyauta ce, ɗaliban wata makarantar injiniya a Faransa ne suka faro ta, kuma tana zuwa da nata kodek a cikinta, ba ta dogara da na waya ko kwamfuta ba. Idan VLC ta buɗe fim, fayil ɗin lafiya yake, ɗayar na'urar ce ba ta iya ba. A kwamfuta, danna Ctrl da J tare a cikin VLC zai nuna maka sunan kodek ɗin hoto da na murya. Manhajar MediaInfo ma aikinta ke nan, kuma akwai ta a waya. Ina kuma jan kunne da babbar murya: duk shafin da ya ce sai ka sauke wani kodek na musamman daga wurinsa kafin ka kalli bidiyo, ka rufe shi. Tsohuwar hanya ce ta cusa wa mutane manhajar sata.

Talabijin da yawa da na'urar DVD ba sa karɓar VLC, saboda haka fim ɗin ne za a juya musu. Idan mazubin ne kaɗai ba su sani ba, misali MKV mai ɗauke da H.264 da AAC, manhajar FFmpeg za ta kwashe kayan ta zuba a MP4 cikin daƙiƙoƙi, hoton bai ragu da komai ba. Idan kodek ɗin ne, dole a sake matse fim ɗin, aikin da HandBrake ke yi kyauta. Wannan yana cin lokaci, kuma kowane juyi yana ɗan rage ingancin hoto, don haka a riƙa juyawa daga na asali, a kuma ajiye shi. Zaɓin da ya fi tsira shi ne MP4 da H.264 da AAC. Tsofaffin na'urorin DVD masu wajen filas kuwa yawanci AVI mai Xvid ko DivX suke so, kuma faɗin hoton kada ya wuce 720.

Masu ɗaukar biki ko wa'azi da iPhone su lura cewa tun daga iOS 11 a 2017 wayoyin da suka dace suna ɗauka da HEVC. A saitin kyamara, ƙarƙashin Formats, zaɓin Most Compatible yana mayar da ita H.264, bidiyon zai ƙara girma, amma zai buɗe a wayar 'yan uwa. Idan an riga an ɗauka, tura shi ta WhatsApp a matsayin bidiyo kan sa manhajar ta sake matse shi zuwa tsarin da yawancin wayoyi ke karantawa. Idan aka tura shi a matsayin Document kuwa, yana isa ne yadda yake, da ingancinsa da kuma kodek ɗinsa.