Gargaɗi ga Manoma da Makiyaya: Kada a Tone Kututture Bana

Ɗan'uwa manomi, kafin ka ɗauki gatari ka shiga sassabe, dakata. Je gonarka. Ɗebi ƙasa a tsakiyar fili ka damƙe. Me ka gani? Farin yashi yana zuba ta tsakanin yatsunka. To, matsa gindin gawo ka sake ɗiba. Baƙa ce, da ɗan nauyi, tana dunƙulewa a hannu. Gona ɗaya ce, ruwan sama ɗaya ne. Me ya raba su?

Wannan baƙin shi ne ran ƙasa. Ruɓaɓɓen ganye ne da saiwa da kashin dabbobi, kuma kusan rabinsa kabon ne, wato sinadarin da gawayi ke ɗauke da shi. Itace da ciyawa ne ke zuƙo shi daga iska su ajiye a ƙasa. Baƙin nan ne ke riƙe danshi. Shi ke riƙe taki. A jigawarmu, dama can bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasa ba. Ɗan abin da ya rage ɗin muke ƙarasawa da hannunmu.

Ba ka ga alamu ba? Ba ka ga ƙuduji ya cinye gero da dawa ba? Ba ka ga inda ya zama faƙo, ruwa ya sauka ya wuce ko jiƙawa bai yi ba? Sau nawa ka yi shuka bara iska ta binne? Buhun taki nawa kake zubawa yanzu, damin kuma yana raguwa? Kai makiyayi, ina gambar da take shanye tsayin mutum? Yau sai ƙarangiya.

Mun san yadda aka yi. An sare kirya da marke an yi gawayi. An kwashe kara ƙaf, abin da ya rage an cinna masa wuta. An nome burtali, shanun da ke kwana a gona bayan girbi suna barin taki sun daina zuwa. Duk wutar da ka cinna a gona, abincin ƙasarka ne ke tashi hayaƙi, ya je sama ya ƙara mana zafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gawo. Wace bishiya ce ta kai shi alheri ga manomi? Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen ya ruɓe a gindinsa ya zama taki. Da rani kuma, lokacin da ko'ina ya bushe, shi ne yake kore shar. Dabbobi su fake a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Kowa ya san geron gindin gawo ya fi zangarniya. Amma sai a kayar da na shekara arba'in a wuni guda!

Kada ka ce takin zamani zai maye gurbi. Yana ciyar da shukar bana, amma ba ya mayar wa ƙasa baƙinta. A yashi tsura, ruwa ne zai wanke shi.

Akwai mafita, kuma ba ta buƙatar kuɗi. A ƙasar Maraɗi, wajajen 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirrun da ake sarewa duk shekara kututturan itatuwa ne masu saiwa da rai. Bayan yunwar 1984 manoma suka rungumi abin da ake kira sassaben zamani: a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kututture, a sassabe sauran, a kare waɗanda aka zaɓa. Ba dashe, ba ban ruwa. An kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 sun farfaɗo a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Manoma irinka ne suka yi.

Amma saiwar nan ba za ta jira ka har abada ba. In ka tone ta ko ka ƙone ta, shi ke nan. Ƙasar da iska ta kwashe a damina ɗaya, sai an yi shekaru ba ta dawo ba.

Don Allah, bana ka bar ɗan gawo da kalgo da sabara da aduwa su tashi. Ka bar kara a kwance, gara za ta mayar da shi ƙasa. Kada ka sa wuta. Makiyayi, in za ka yi wa dabbobi sara, ɗauki reshe, kada ka yi wa bishiya aski. Masu unguwanni da dagatai, ku tara jama'a tun kafin ruwan farko, ku buɗe burtali, ku sa doka a kan sare gawo. Ku kira taron a wannan makon.